Yadda za ka gano abin da ke cinye ƙarfin tsohuwar jif ɗinka kafin ka sayi ko da fulogi ɗaya

Masu tsofaffin jif a Sakkwato, irin su Highlander ta 2001 zuwa 2007, RX300, CR-V da Pathfinder, kusan hanya ɗaya suke bi idan mota ta daina ja. A shiga gareji, bakanike ya ce "Alhaji, mi ta yi?", a ce masa ba ta da ƙarfi. Sai a canza fulogi, a wanke nozul, a biya. Bayan kwana kaɗan ta sake shaƙewa a hanyar Bodinga da rana tsaka, kuɗi kuwa sun riga sun tafi a kan kintace.

Idan ta mutu maka kana cikin gudu, kada ka murɗa makulli baya, sitiyari na iya kullewa. In ka bar makullin yadda yake, sitiyarin zai yi nauyi, amma yana juyawa. Birki taku ɗaya ko biyu ya rage masa kafin ya yi tauri, saboda haka taka shi sau ɗaya ka riƙe, ka kunna fitilun gargaɗi, ka gangara gefe. Duba allurar zafi. In ta hau sama, rabu da murfin lagireto har injin ya huce.

Daga nan sai lura, domin ita za ka kai wa bakanike. Da sassafe take yi ko sai ta ɗau zafi? Man da ke tanki ya kai ina? In ka bar ta ta huta rabin awa, tana tashi kamar ba abin da ya faru?

Kafin kowa ya ɗauki sifana, a sa mata kwamfuta. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da soket ɗin OBD2, inda ake jona kwamfutar, mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Rubuta lambar da ta fito da hannunka. Kuma kada ka yarda yaron gareji ya cire kan batir don fitilar injin ta mutu, yin haka kan goge shaidar ne kawai. Ƙaramar na'urar da ake haɗawa da waya ba ta kai kuɗin cika tanki ba, ni ina ganin duk mai tsohuwar mota ya kamata ya aje ta.

To, ga inda aka fi faɗuwa: famfon mai. Yana cikin tanki, kuma fetur ɗin da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kwalta na turiri, mutum na yawo da fitilar mai a kunne saboda tsadar fetur, famfon da ya tsufa sai ya gaji. Ka taka totur don wuce tirela, motar ta yi kamar an riƙe ta ta baya, ta yi tari, wani lokaci ta mutu. Ta huce, ta tashi lafiya lau. Sau da yawa kwamfuta ba ta nuna komai, ko ta nuna P0171, wato iska ta fi mai yawa.

Bakanike zai gwada ta da safe injin na sanyi, ya ce famfo ƙalau yake. Kada ka karɓa. A zaga da ita sai ta yi zafi sosai, sannan a ɗaura ma'aunin ƙarfin mai. A Toyota mai silinda 6 ta wancan zamani ana neman psi 44 zuwa 50, kuma kada allurar ta faɗi idan an taka totur. Masu kasa kunne a kujerar baya don jin ƙarar famfo su sani: Honda kan yi ƙugi na daƙiƙa biyu da an murɗa makulli, amma Toyota da yawa ba sa yi sai ana tayarwa, don haka shirun ba hujja ba ne.

In an fito da famfon, dubi rariyar da ke gindinsa. Wanda ya saba shan man jarka wurin 'yan bumburutu zai gan ta ta koma ruwan ƙasa, cike da yashi da tsatsa. A sauke tanki a wanke, in ba haka ba sabon ma zai bi sahun tsohon. Sayi famfon kamfanin Denso na asali. Famfo mai arhar nan da ake sa wa a gidan tsohon famfon ba ya kai wata bazarar. Kuma daga ranar, kwatan tanki shi ne ƙarshen manka.

In mai ya wadata, koma kan iska. Ƙurar hunturu na toshe iyakilina, kuma hura ta da iskar mai faci na yaga takardar, gara a canza. A yawancin motocin nan, bayanta akwai sensa mai siririyar waya da ke auna iska. Da feshinta na musamman ake wanke ta, ban da fetur, ban da tsumma.

Sauran ba su da wuyar ganewa. P0301 zuwa P0306 na nuna silindar da ba ta cin wuta: musanya kwayil ɗinta da na maƙwabciyarta, in lambar ta bi shi, shi ne. Fitilar injin in tana ƙyaftawa, tsaya. In motar na tashi lafiya amma ta ƙi gudu, salansa na zafi fiye da kima, a kwance sensar da ke gaban indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, a gwada. In motar ta sake ta yi gudu, indomin ya toshe. Tsaya a kansu lokacin aikin, don ana sayar da abin da ke cikinsa. In kuwa injin na ihu mota ba ta gaba, zaro sandar man giya ka shinshina: in ya yi baƙi yana warin ƙuna, wurin mai giya za ka.