Yadda ake gyara ƙungiyar miyagu ta wasan bidiyo ta zauna daidai a cikin labari

Na karanta labarai masu yawa da masoya Pokémon, wasan kama wasu halittu a horar da su faɗa, suka ɗora a kan wasan, wasu a Wattpad, wasu kuma abokai ke turo min ta WhatsApp in duba musu, kuma kusan duk a wuri ɗaya suke tuntuɓe. Jarumi zai fito tsaf, da gidansu da halinsa da abin da ke cin ransa. Ana zuwa kan ƙungiyar miyagu sai labari ya saki, ka ga mutum hamsin sanye da kaya iri ɗaya suna jiran yaro ya zo ya ba su kashi. A cikin wasa ba wanda ya damu, domin an jera su ne kawai don ka yi faɗa da su ka ƙara ƙarfi kafin ka isa ga bos, wato babban abokin gaba. Mai karatu kuwa hannunsa ba ya kan maɓalli, yana da lokacin da zai tambayi kansa: su waye waɗannan, kuma me ya kawo su?

Mataki na farko, ka tantance irin ƙungiyar da ka ɗauko, ta neman kuɗi ce ko ta aƙida. Team Rocket ta wasannin farko da suka fito a Japan a 1996 ta kuɗi ce zalla. Suna da gidan caca a Celadon da maɓoya a ƙarƙashinsa, sun mamaye ginin kamfanin Silph a Saffron saboda Master Ball, ƙwallon da ke kama kowane Pokémon ba kuskure, kuma shugabansu Giovanni shi ne mai riƙe da gidan gwaji na Viridian, inda ake gwada ƙarfin masu horar da Pokémon, wato mutum ne mai mutunci a idon gari. A wasannin Gold da Silver na 1999 har wutsiyar wani Pokémon mai suna Slowpoke suke yankewa su sayar, ana yi wa ɗan wasa tayin guda a kan miliyan ɗaya. Irin wannan ba ta buƙatar dogon bayani, kowa ya san ɓarawo da mai ɗaure masa gindi. Duk mai farawa, da ita zai fara. Kada ka taɓa Team Galactic ta 2006 a labarinka na farko, domin shugabanta Cyrus so yake ya rushe duniyar baki ɗaya ya ƙirƙiri wata, kuma sa mai karatu ya yarda akwai masu bin irin wannan mutum aiki ne na wanda hannunsa ya faɗa.

Mataki na biyu, ka bi kuɗin. Ɗauki takarda ka rubuta abin da ƙungiyar ke kashewa: ɗinkin kaya, abinci, gini, albashi. A gefe ka rubuta inda kuɗin ke shigowa. In gefen nan ya zauna wayam, cike shi aikinka ne. Wasu wasannin sun hutar da kai. Shinra ta Final Fantasy VII, na 1997, wutar lantarki take sayar wa mutanen Midgar, tana zuƙo wani makamashi mai suna Mako daga cikin ƙasa, don haka ko wanda ya tsane ta dole ya biya ta. Umbrella ta Resident Evil magunguna take sayarwa a fili, tana haɗa ƙwayar cuta ta yaƙi a ɓoye, kuma bayan halakar garin Raccoon a 1998 wasan na huɗu ya buɗe da cewa gwamnatin Amurka ta dakatar da kasuwancinta, hannun jarinta ya faɗi. Team Skull ta wasan Pokémon na 2016 kuwa talaucinta ma labari ne: a garin Po da suka mamaye, sai ka biya su kuɗin wasa goma kafin su yi wa Pokémon ɗinka magani, kuma daga baya ake gane suna yi wa Lusamine ta gidauniyar Aether aiki ne.

Mataki na uku shi ne wanda ya kayar da ni, kuma a kansa zan daɗe. Yaron ƙasa, wanda ake tsayarwa gadi a bakin ƙofa, me ya kai shi?

Na taɓa rubuta labari a kan Team Magma ta Ruby da Sapphire na 2002, waɗanda shugabansu Maxie ke son tayar da wani ƙaton Pokémon mai suna Groudon don tudu ya faɗaɗa, teku ta ja baya. Na ɗauki wani saurayi cikin yaransu na mai da shi ƙashin bayan labarin. Na yi babi tara. Na ba shi uba masunci a Slateport, don kawai ina son bayanin kasuwar bakin ruwa da ƙanshin gishiri. Ƙanwata ce ke fara karanta duk abin da na rubuta. Tana zaune a kan tabarma da wayata a hannu, ta kai babi na bakwai, sai ta ɗago ta ce, "Yaya, ba ka ce babansa da kifi yake ciyar da su ba? To shi me zai samu idan ruwan ya ƙafe?" Na buɗe baki ban sami amsa ba. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, domin wata biyu na yi a kan labarin, kuma gaskiyarta ce. Na ɗauki burin shugaba na cusa shi ɗungurungum a bakin yaro, alhali yaron ba shi da dalilin son wannan buri ko kaɗan.

Ga gyaran da na koya. Ka raba sanin da ke cikin ƙungiyar hawa uku. Akwai abin da shugaba ya sani, akwai abin da manyan hafsoshinsa ke zato, akwai kuma abin da aka faɗa wa yaran ƙasa ranar da aka miƙa musu riga. Ba dole ukun su zo ɗaya ba, gara ma kada su zo ɗaya. Black da White na 2010 sun yi wannan da kansu. Team Plasma na yawo gari gari suna wa'azin a 'yanta Pokémon daga hannun mutane, N, saurayin da suka naɗa sarkinsu, ya yarda da haka har zuciyarsa, Ghetsis kuwa, ainihin mai juya ƙungiyar, so yake kowa ya saki nasa ya rage shi kaɗai ke da ƙarfi. Shi ya sa a ci gaban wasan na 2012 ƙungiyar ta tsage biyu, masu gaskiya suka koma Driftveil suna kula da Pokémon da aka raba da masu su, sauran suka bi Ghetsis. Wannan tsagewar ita ce shaidar cewa mutane ne a cikin rigunan.

Da na koma kan nawa, sai na bar uban a masuncinsa, na sauya abin da aka gaya wa ɗan. Aka ce masa ɗan fili kawai za a ƙwato daga bakin teku, a yi gidaje, kuma 'yan ƙungiya ne za su fara samu. Shi kuwa su bakwai suke kwana a ɗaki ɗaya. Na rubuta shi yana gadi a saman dutsen Chimney, toka na sauka a kan jar hular rigarsa, maƙogwaronsa na kaikayi, yana lissafin abin da zai aika gida ƙarshen wata, manya kuma na can gefe suna saita na'ura da dutsen sama da suka ƙwace daga hannun Farfesa Cozmo, ba wanda ya ce masa ga amfaninta. Ranar da Groudon ya farka rana ta fara ƙona yankin nasu, Hoenn, abin da ya fara faɗo masa a rai kwalekwalen babansa ne. Ban sauya komai a cikin wasan ba, domin shi kansa Maxie a wurin ne ya gane abin ya fi ƙarfinsa.

Dalilan shiga ba su da yawa, kuma kowa ya san su: bashi, yunwa, wulaƙanci, aboki ya ja ka, ko neman inda za a kira sunanka da daraja. Da yawa cikin yaran Team Skull waɗanda suka kasa kammala gwajin tsibiran Alola ne, har da shugabansu Guzma da bai samu zama kyaftin mai kula da gwajin ba. Ka ba kowane yaron da zai yi magana a labarinka dalili guda, kada biyu su yi tarayya a kan ɗaya. Kuma ka daina sa su dariyar mugunta. Wanda ke ganin aikin cin abinci yake yi ba ya dariya haka.

Mataki na huɗu, matsalar ƙaramin yaro da ya rusa ƙungiya shi kaɗai. Ko dai ka ƙara wa jarumi shekaru, ko ka nuna gidan ya riga ya tsage kafin ya iso: hafsoshi na rigima, albashi ya makara, masu gadi sun gaji. Ka kuma faɗi a layi biyu abin da ya hana hukuma motsi. Ga Team Rocket, matsayin Giovanni a Viridian ya wadatar.

Na biyar, washegarin faɗuwa. Giovanni ya sallami ƙungiyarsa bayan an kayar da shi, amma bayan shekara uku ragowar yaransa suka kama hasumiyar rediyo ta Goldenrod suna kiransa ya dawo. Shekara ukun nan fili ne da wasan ya bar maka, ka shiga ka noma.

Ba sai ka sayi kowane wasa ba kafin ka tabbatar da waɗannan bayanai. Akwai cikakkun bidiyon wasannin a YouTube, ka rage ingancin hoton don data ta kai ka, ka riƙa tsayarwa duk inda yaron ƙasa ya yi magana kana kwafewa a littafi. Maganganunsu gajeru ne, yawancin 'yan wasa danna su suke yi su wuce, amma a cikinsu ake tsintar ƙorafin aiki da abin da aka yi musu alkawari. In ka gama babin da ya shafi ƙungiyar, ka miƙa shi ga wanda bai taɓa buga wasan ba, ka ce ya gaya maka wa ke biyan mai gadin ƙofa da abin da ya sa bai gudu ba.