Kafin ka sayi motar kwana a Ingila

Da na zo hutu Jos, a majalisarmu ta Unguwar Rogo, ƙanen wani abokina da ya samu bizar aiki a Ingila ya miƙo min wayarsa. Hoton wata farar mota ce mai gado da kicin a ciki. Ya ce, "Yaya, da na sauka irin wannan zan saya, mu riƙa zaga ƙasa da yara." Na ji daɗin wannan buri, domin da yawanmu a can daga wurin aiki sai gida, mutum ya shekara biyar bai kai iyalinsa bakin teku ba. Amma na ce masa kada ya sayi komai a shekarar farko.

Motar kwana iri uku ce. Akwai kamfaban, wato ƙaramar bas irin Volkswagen Transporter da aka gyara cikinta aka sa gado da murhu. Akwai motohom, babbar mota mai banɗaki da wurin wanka. Sai karaban, ɗaki ne mai taya wanda ba shi da inji, motarka ce za ta ja shi.

Maganar lasin ce kan gaba. Lasin Najeriya wata 12 kawai zai yi maka aiki daga ranar da ka zama mazauni, kuma ba a musanya shi da nasu, sai ka ci jarrabawar kwamfuta da ta tuƙi. Lasin ƙaramar mota iyakarsa kilo 3,500, har da mutane da kaya. Motohom ɗin da ta wuce haka sai mai lasin C1, wanda ke buƙatar gwajin likita da wata jarrabawar.

Inda mutanenmu suka fi yin kuskure shi ne ƙirgen gado. Mai sayarwa zai ce maka motar na kwanar da mutum shida, kai kuma ka lissafa Hajiya da yara huɗu ka ce ta yi. Shiga ciki ka ƙirga kujerun da ke da bel. Sau da yawa huɗu ne. Can ba a ɗora yaro a cinya kamar a motar Bauchi, kuma laifi ne a bar mutum cikin karaban ana jan sa. Shi ya sa a ganina mai iyali da yawa, in yana da mota mai kujera bakwai mai ƙarfin ja, karaban ya fi masa. Ka ajiye shi a sansanin masu hutu, ka cire motarka ka shiga gari neman masallaci ko naman halal. Karaban ba ya biyan harajin hanya, ba ya gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Sai dai ja na son haƙuri: mil 60 a awa a babbar hanya, mil 50 a ƙananan hanyoyi. Kuma ka tambayi kanka ina zai kwana sauran watannin shekara, tunda yawancin gidajen hayarmu ba su da fili, wurin ajiya kuwa kuɗi ne.

Mata da miji, ko masu ɗa guda, kamfaban ta ishe su, har aiki ana zuwa da ita. Amma mai zama Landan ya duba injin. Tun 29 ga Agusta 2023 tsohuwar mota mai dizal da ba ta kai matakin tsaftar hayaƙi na Euro 6 ba tana biyan fam 12.50 duk ranar da ta motsa a birnin.

Sai sanyi. Mu 'yan Jos muna ganin mun san shi. Na taɓa hayar mota a watan Oktoba muka nufi arewacin Sikotilan, bayan garin Inbanes. Da asuba na tashi ɗumama ruwan alwala, murhu ya ƙi kamawa, ga tukunyar gas cike. Gilashi duk ya yi raɓa, ƙaramar 'yata na ƙudundune cikin bargo tana rawar ɗari. Ashe gas ɗin butan ne, wanda ba ya tashi idan sanyi ya kusa daskarar da ruwa. Gas ɗin furofan ake so. Kuma don Allah, al'adar nan tamu ta shigo da kaskon gawayi ɗaki lokacin hunturu, a bar ta a gida. A rufaffiyar mota iskar gawayi kisa take yi cikin barci, ba ta da wari. A tabbatar akwai na'urar da ke ƙara in ta taru.

Mun rabu da ƙanen namu a kan zai fara neman lasin. In bazarar can ta shigo, ya yi hayar kowane iri na kwana biyu ko uku, ya tafi da buta da darduma, ya bar uwargida ta faɗi wanda za ta iya girki a ciki.