Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Rainon Ƙananan Yara a Gida da Yadda Za a Gyara Su

Yawancin abin da ke kwantar da yaro ɗan ƙasa da shekara 5 a asibiti daga cikin gida yake farawa, kuma a hannun uwar da take iya bakin ƙoƙarinta. Ga girki, ga wanki, ga goyo a baya, ga na yaye yana jan zani, sai ta yi abin da ta tarar ana yi. To, a cikin abubuwan da aka saba ɗin akwai waɗanda ya kamata a sake dubawa.

Mu fara da kunu, don nan ramar yara da yawa take samo asali. Ana dama shi tsululu don ya bi ta fida, yaro ya sha cikinsa ya yi fam, uwa ta ce ya ƙoshi. Ruwa ya ƙoshi da shi. Cikin ɗan wata 8 bai fi cin ƙaramin kofi ba, idan ruwa ya cika shi babu sauran wurin abinci. Gwajin mai sauƙi ne: ɗebi kunun a cokali ki karkata, in ya tsiyaye nan take ya yi ruwa, in ya ɗan tsaya kafin ya zubo to ya yi. A kofi da cokali za ki ba shi, fida tana tara dattin da soso ba ya kaiwa. Gero zalla kuma ba ya gina jiki. Haɗin da ake kira Tom Brown shi ne gwangwani 6 na gero ko dawa ko masara, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. Ki jiƙa waken, ki murje ɓawon, ki shanya, sannan ki soya kowanne daban ba tare da mai ba kafin a kai niƙa. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi baƙi ki tsince ta ki zubar, gubar da ke cikinta tana illa ga hanta, kuma suya ba ta kashe ta. In kin dama, ki ƙara ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa, wani lokaci garin busasshen kifi ko dafaffen ƙwai da aka murƙushe. Maganar wai ƙwai yana sa yaro sata ba ta da tushe.

Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi sau 2 ko 3 a rana, a fara da cokali 2 ko 3 ana ƙarawa. Daga wata 9 zuwa shekara 2 sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani kamar ayaba ko dafaffen dankali. Kuma ki zuba masa nasa a kwanonsa. Ɗan shekara ɗaya da rabi da aka zaunar a tire ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu baki sun share tuwon, ke kuma kina ganin ya zauna an ci da shi.

Kafin wata 6 kuwa, nono kaɗai, ko ruwa ba a bayarwa, ko da a zafin watan Afrilu ne. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, in zafi ya yi sai a yawaita ba shi. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da ake matsewa a zubar, shi ne rigakafin jariri na farko. Zuma kuma a dakata sai ya cika shekara.

Yaye ma ana yi masa gaggawa: a shafa abu mai ɗaci a nono, a kai yaro gidan kaka rana ɗaya. Yaron da bai saba da abinci ba sai ya ƙi ci, ya rame, a ce kewa ce. A riƙa rage shayarwa ɗaya bayan ɗaya cikin makonni, a fara da ta rana, ta dare ta zama ta ƙarshe. Samun sabon ciki ba ya lalata nono, don haka ba dole ba ne a cire yaro ranar da aka gane, sai in likita ya ce a yi.

Sai gudawa, wadda kusan kullum ake ɗora wa haƙori. Lokacin fitar haƙori shi ne lokacin da yaro ke rarrafe yana kai komai baki, daga nan take zuwa. Kurakuran a nan a jere suke: a ce haƙori ne a zuba ido, a rage abinci don kashin ya tsaya, a aika kemis a sayo Flagyl. Abin da ke kashe yaro a gudawa ƙarewar ruwan jiki ne, maganinsa kuma ORS, wato garin gishiri da sukari na leda da ake haɗawa da ruwa. Amma shi ma ana ɓata haɗinsa, a ɗibi rabin garin a zuba a kofi da ka. Gishirin zai yi yawa, ya ƙara wa yaron wahala. Duba jikin ledar: in ta lita 1 ce, a juye ta gaba ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato fiya wata biyu mai 50cl. Ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, da cokali, a hankali. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. In babu ORS a kusa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1. A haɗa da ƙwayar zinc, 20mg kullum na kwana 10 zuwa 14, rabinta ga wanda bai kai wata 6 ba, kuma a ƙarasa ko gudawar ta tsaya. Nono da abinci su ci gaba. Idan idanu suka zurma, maɗiga ta faɗa, ya kasa sha, ko aka ga jini a kashin, asibiti za a nufa ko tsakar dare ne.

Zazzaɓi kuwa, farasitamol yana sauke zafi ne kawai, ba ya maganin abin da ya kawo shi. Ana auna shi da nauyin yaro: mai kilo 10 zai sha 5ml na ruwan da aka rubuta 120mg/5ml, kada ya wuce sau 4 a awa 24, da murfin awo ko sirinji, ba cokalin shayi ba. A lura, magungunan mura da na haƙori da yawa suna da farasitamol a ciki, sai a ninka ba a sani ba. A je a yi gwajin maleriya tun ranar farko. Maganin rigakafinta da ake bi gida-gida da damina na kwana 3 ne: ma'aikata su ba da na farko a gabansu, na biyu da na uku a hannun uwa suke, kuma su ake mantawa a kan taga. In jijjiga ta kama yaro, kada a cusa masa cokali a baki ko a ɗura masa wani abu, a kwantar da shi ta gefe, a tafi asibiti. Jaririn da bai kai wata 3 ba ya yi zazzaɓi, ba a jira.

Haɗarin cikin gida yakan faru lokacin girki, sa'ad da hankalin uwa ya rabu. Kananzir a gorar lemo, fiya-fiya a ƙarƙashin gado, shinkafar ɓera a bayan ƙofa, duk a tsayin hannun mai rarrafe suke. In yaro ya sha kananzir, kada a ɗura masa manja ko madara don ya yi amai, aman ne ke tura shi cikin huhu. A cire rigar da ta jiƙe a kai shi asibiti tare da gorar. Bokitin wanki da aka bari da ruwa kaɗan ya isa ya halaka ɗan shekara ɗaya da ya leƙa ya kifa, kuma ba za ki ji kuka ba. Ki zubar ki kife shi da kin gama, rijiya kuma murfi da kwaɗo. 'Yar shekara 6 tana iya wasa da ƙaninta, amma ba ta kai a bar mata shi kusa da wuta ko ruwa ba. Garwashi a rufaffen ɗaki da sanyin hunturu, ko janareta a bakin taga, hayaƙinsu yana kisa cikin barci.

Ruwan wanka, na sanyi ake fara zubawa a baho sannan na zafi, a gwada da gwiwar hannu. In ƙuna ta faru, a yi ta kwarara ruwan sanyi, ba ƙanƙara ba, har minti 20. Ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai ko manja, kuma ba a fasa ƙurjin da ya taso. A rufe da tsabtataccen ƙyalle marar gashi. Ƙunar da ta fi tafin hannun yaron girma, ko ta taɓa fuska, hannu ko al'aura, ta asibiti ce.