Yadda ake raba gardamar ɓarnar gona

Da zarar kaka ta kama a nan ƙasar Dukku, yawancin ƙarar da ke zuwa ƙofar mai unguwa ta ɓarna ce: shanu sun faɗa wake, ko sun tattake dawa. Ni ake turawa duba gona, kuma ga yadda nake bi.

Ka sammaka, kafin ƙafar 'yan kallo ta share sawu. Kada ka yarda ka tafi da mai gona shi kaɗai. A aika wa Arɗo ya turo mutum, manomi ya kawo nasa, ku taka tare. Ku bi sawun zuwa inda ya fito, ku duba kashin shanun ko ɗanye ne, ku ƙirga kunyoyin da aka ci ban da waɗanda tsutsa ko fari suka riga suka kashe. A nan ne ake yawan cusa wa makiyayi asarar da ba tasa ba. Idan kuma gonar ta ci burtali, ka faɗa a gaban kowa, ko da mai gonar surukinka ne.

Wajen zama, tabarma ɗaya. Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musa al-Ash'ari cewa ya daidaita mutane a fuskarsa da mazauninsa, don kada babba ya sa ran za a karkata gare shi, kada mai rauni ya fid da rai da adalci. Saboda haka ba "Alhaji, bismilla kujera" ga wani, ɗayan yana tsugune a rana. Goron manomi da ƙwaryar nonon ruga duk su jira a gama. Wanda Hausarsa ba ta nuna ba, a samo masa tafinta mai jin Fulatanci.

Tambayar farko: da dare ne ko da rana? Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta ɗora ɓarnar dare a kan masu dabbobi, ta sauke musu ta rana. Amma malamanmu sun yi sharaɗi: in makiyayi yana tsaye da sandarsa ya bari suka shiga, rana ba ta wanke shi. Shaida tana kan mai ƙara, rantsuwa kan wanda ya musa.

Sai kiyasi. A tambayi manoma biyu da ba ruwansu da rigimar, tiya nawa kunyoyin nan za su bayar, a yi kuɗi da farashin ranar. Mai shakka ya buga waya kasuwar Tudun Hatsi a Gombe. Abin da na fi ƙi shi ne dattijo ya ce "a raba biyu don zaman lafiya". Manomi ya ce buhu 10 alhali 2 aka ci, ka yanka 5, ai ka koya masa ya ce 20 baɗi.

A rubuta adadin da ranar biya, kowa ya dangwala, Arɗo ya tsaya wa nasa. Wanda bai gamsu ba a ba shi takarda zuwa wurin hakimi ko kotu.