Yadda ake amfani da imoji a guruf ɗin ƙungiyar ƙwallo don koci ya san masu zuwa

Duk wanda ya riƙe guruf ɗin WhatsApp na ƙungiyar ƙwallon unguwa ya san wannan ciwon kan. Koci ya rubuta "gobe atisaye bayan la'asar", sai kowa ya biyo da nasa: "toh", "Allah ya kai mu", wani ya jefo sitika, wani saƙon murya. Kafin isha'i sanarwar ta nutse, wanda ya kunna data da dare sai ya shigo yana tambayar ƙarfe nawa aka ce. Maganin yana cikin wayar tun watan Mayun 2022, lokacin da WhatsApp ya kawo damar manna imoji a jikin saƙo. Da guda shida ya fara (👍 ❤️ 😂 😮 😢 🙏), a watan Yulin shekarar kuma ya buɗe kowanne.

Dannawar ba ta da wuya. Ka ɗora yatsa a kan saƙon ka riƙe, imojin su fito a jere, ka taɓa wanda kake so. In ba ya cikinsu, ka taɓa alamar ➕ ka nemo shi. Wanda ya rubuta saƙon kaɗai ake sanarwa, don haka wayar sauran jama'a ba za ta dame su da ƙara ba, kuma datar da yake ci ba ta kai ta saƙon murya ba.

Inda ƙungiyoyi ke faɗuwa shi ne ma'ana, kuma a nan zan daɗe. Kada ku fara komai sai kun zauna a fili, ido da ido, kun yanke abin da kowace alama take nufi. Babban mai laifi shi ne 👍. Koci ya tambaya wa zai zo wasan sada zumunta ranar Asabar, ya ga yatsu goma sha biyar, ya je ya yi cinikin mota. Ranar wasa mutum tara suka hallara, ba gola. Ka tambayi sauran, sai ɗaya ya ce, "Ai Koci, na nuna na ga saƙon ne, ban ce zan zo ba." Kuma ba ƙarya ya yi ba. Haka 🙏: a wurin wani godiya ce, a wurin wani amin ce, wani kuma haƙuri yake bayarwa don ba zai samu zuwa ba. Alama ɗaya tana ɗauke da "zan zo" da "ba zan zo ba" a lokaci guda, to me za a ƙirga?

Ni dai dokata ita ce a kori 👍 da 🙏 daga duk saƙon da ke neman amsa. A ɗauki ⚽ ya zama "ina nan zuwa", ❌ ya zama "ba zan zo ba". In kuna so ku ƙara ⏰ ga wanda zai makara saboda shago ko Islamiyya. Uku sun isa. Na ga masu ware wata alama ta "wataƙila", kuma ban taɓa ganin ta amfani kowa ba, nan duk malalata ke fakewa. A rubuta waɗannan ukun a bayanin guruf, sannan koci ya riƙa maimaita su a ƙasan kowace sanarwa har su zauna wa mutane.

Sanarwar ita ma tambaya ɗaya za ta ɗauka. In ka haɗa lokacin atisaye da kuɗin jesi da maganar wanda ya tafi da famfon ƙwallo a saƙo guda, ba ka san wanne aka amsa ba. Raba su. Ka rubuta rana da lokaci da fili, ka sa wa'adi: "a danna kafin ƙarfe 9 na daren Juma'a". Sai ka maƙale saƙon a saman guruf, akwai zaɓin awa 24, kwana 7 ko kwana 30.

Akwai wani tarko da yawanci ba a lura da shi. Mutum ɗaya imoji ɗaya kawai zai iya sa wa saƙo ɗaya. Ɗan wasa ya danna ⚽ da safe, da rana ya sake karanta sanarwar, ya ga kyaftin ya yi kuskuren rubutu, ya danna 😂. To ⚽ ɗinsa ya tafi, dariyar ta maye gurbinsa, shi kuma yana can yana ganin sunansa na cikin masu zuwa. Shi ya sa saƙon sanarwa ba wurin raha ba ne. Mai son tsokana ya rubuta nasa saƙon a ƙasa, a yi ta dariyar a can.

Wajen ƙirga kuma, kada ka tsaya a kan lambar da ke ƙasan saƙon, domin ta haɗa masu ⚽ da masu ❌. Taɓa imojin, sunaye za su fito, kowace alama da mutanenta. A nan za ka ga ko masu tsaron baya sun cika, ko kuwa 'yan gaba ne kawai suka yi maka yawa. Da wa'adi ya cika ka ɗauki hoton allon ka tura guruf. Dalili kuwa, mutum na iya cire alamarsa cikin dare shiru, gobe ya ce shi bai taɓa dannawa ba. Wanda ya fasa bayan wa'adi ya kira koci a waya. Wanda bai danna komai ba, a ɗauka ba ya zuwa, kuma ko ya zo benci zai fara. Sau biyu aka yi wa mutum haka zai koyi dannawa.

Maganar kuɗi ba ta imoji ba ce. ✅ a ƙasan saƙon kuɗin mota ko na alƙalin wasa ba shaidar biya ba ce, ma'aji ne zai fitar da sunayen waɗanda kuɗinsu ya shigo hannunsa.

Sauran a taƙaice. In an sanar da rauni ko rasuwa, a duba da kyau kafin a danna, don 😂 da 😢 suna kusa da juna a jeren, kuma rasuwa ta fi ƙarfin imoji, a rubuta ta'aziyya ko a taka a je. In zaɓin ya wuce biyu, kamar launin jesi ko ranar wasa, a buɗe ƙuri'a, WhatsApp ya kawo ta tun ƙarshen 2022. Masu GB WhatsApp su koma na asali kafin a rufe musu lamba ana tsakiyar gasa. 'Yan wasan da ke riƙe da ƙaramar waya kuwa, a haɗa kowanne da abokin da zai kira shi, ya rubuto amsarsa da sunansa a guruf kafin wa'adi.