Darasi na Bakwai: Tambayar Manhajar Hira Kan Lamarin Jariri

Ƙarfe biyu na dare, jariri yana ta tsala kuka. An ba shi nono ya ƙi, an canza masa ƙyalle, an rungume shi ana kai da kawowa a ɗaki, bai yi shiru ba. Idon uwa ya yi ja don rashin barci, uba ya rasa abin yi. Abin da ke kusa da hannu shi ne waya. A irin wannan dare ne iyaye da yawa suke buɗe manhajar hira su rubuta tambaya.

Manhajar hira ita ce wadda kuke yi wa magana ko rubutu ta amsa muku kamar mutum. Akwai ChatGPT na kamfanin OpenAI, wanda ya fito a watan Nuwamba na 2022, akwai Gemini na Google, akwai kuma Meta AI da ke cikin WhatsApp. An koya musu magana ne da tarin rubuce-rubuce, har suka iya jera kalma bayan kalma yadda za ta yi ma'ana. Sau da yawa abin da suke faɗa daidai ne. Wani lokaci kuma sukan ƙirƙiro abin da babu shi, su faɗe shi da cikakken ƙarfin gwiwa. Ku riƙe wannan da kyau: manhajar ba ta ganin jaririnku, ba ta taɓa goshinsa, ba ta jin numfashinsa. Abin da kuka gaya mata kaɗai ta sani.

Yadda ake tambaya

Ku karanta waɗannan tambayoyi biyu da ƙarfi.

Ta farko: "Yarona ba ya shan nono sosai, me zan yi?"

Ta biyu: "Jaririna yana da mako uku. Nono kaɗai yake sha. Tun jiya sau biyar kawai ya sha, ƙyallensa ya jiƙe sau uku, kuma da ƙyar nake tashinsa daga barci. Me ya kamata in yi?"

Mai tambayar farko za ta samu doguwar shawara wadda ta dace da kowane yaro. Mai ta biyu ta faɗi shekaru, ta faɗi adadi, ta faɗi lokacin da abin ya fara, don haka amsa mai kyau za ta ce mata ta kai shi asibiti yau. Idan amsa ta yi tsawo, ku ce, "Taƙaita mini da kalmomi masu sauƙi." Ba sai kun rubuta sunan yaro ko adireshinku ba.

Ma'aunin da za ku auna amsa da shi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa. Daga nan a fara ba shi abinci mai laushi, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Sabon haihuwa yakan sha nono sau 8 zuwa 12 cikin awa 24, kuma bayan kwana biyar na farko ana so ƙyallensa ya jiƙe kamar sau 6 a rana. Ba a ba yaro zuma kafin ya cika wata 12, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta wadda hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Mai ba da madarar jarirai ta gwangwani ta bi awon da ke jikin gwangwanin, kada ta ƙara ruwa don madara ta yi auki.

Sabon jariri yakan yi barcin awa 14 zuwa 17 a yini da dare, amma a gutsuttsure, don cikinsa ƙarami ne, yunwa na tashinsa. A kwantar da shi rigingine a kan shimfiɗa mai ƙarfi, babu matashi, babu tulin bargo kusa da fuskarsa. Wannan yana rage haɗarin mutuwar farat ɗaya da kan samu jarirai cikin barci. Duk amsar da ta saɓa wa waɗannan, ku ajiye ta ku tambayi ma'aikacin lafiya. Haka kuma kada ku karɓi awon magani daga manhaja. Awon maganin jariri yana bin nauyinsa ne, kuskure kaɗan kan yi babbar illa.

Akwai lokacin da ba a tsayawa rubutu ko kaɗan. Jariri ɗan ƙasa da wata 3 da zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin Salshiyas, ko yana numfashi da ƙyar haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya ƙi nono gaba ɗaya, ko yana farfaɗiya, ko jikinsa ya saki: a ajiye waya, a nufi asibiti.

Gajiyar iyaye

Nan ne na fi so mu tsaya. Kukan jarirai yakan kai ƙololuwa wajen mako 6, sannan ya ragu wajen wata 3 zuwa 4. Wanda bai taɓa kwana da shi ba, ba zai san yadda yake cin rai ba. Uwa takan rubuta wa manhaja abin da take jin nauyin faɗa wa mutane: na gaji, ina kuka ba dalili, ina ganin na gaza. Rubuta hakan yakan sauƙaƙa ƙirji, kuma ba laifi ba ne. Mata da yawa sukan shiga ƙunci a kwanakin farko bayan haihuwa, ya wuce cikin mako 2. Idan ya zarce haka, ko tunanin cutar da kai ko jariri ya fara zuwa, wannan rashin lafiya ne mai magani, kuma likita ne zai duba shi. Maigida, kai ma ka sa ido, ka karɓi yaron ta samu ta runtsa.

Idan kuka ya kai ku bango, ku kwantar da jariri rigingine a wuri mai aminci, ku fita na minti 10 ku sha iska. Kada a taɓa girgiza shi da ƙarfi, domin hakan na iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwarsa.

Aikin aji

Kowa ya rubuta tambaya ɗaya kan shayarwa ko barcin jariri, ya sa shekarun yaron, da adadi, da ranar da abin ya fara. Ku yi musayar littafi da na kusa da ku, ya ja layi a ƙarƙashin waɗannan abubuwa uku. Wanda ke da manhajar a wayarsa ya aika tambayar, ya karanta mana amsar, mu gwada ta da alƙaluman da ke wannan darasi.