Kalmomin Hindi da baƙo yake buƙata ranar barin otal a Indiya

Hausawa da dama suna zuwa Indiya neman magani, ko karatu, ko sarin kaya, kuma galibinsu ba a manyan otal-otal suke sauka ba, inda kowane ma'aikaci yake jin Turanci. Ƙananan masaukai ne suke karɓarsu, irin waɗanda suke kewaye da asibitoci a Delhi da Gurugram da Noida, ko kuma na unguwar Paharganj da ke bakin tashar jirgin ƙasa ta New Delhi. A irin waɗannan wurare, wanda yake zaune a teburin karɓar baƙi yana iya ɗan taɓa Turanci, amma mai ɗaukar kaya da mai gyaran ɗaki da direban tasi da Hindi suke aikinsu. Ranar fita kuwa ita ce ranar da rashin fahimta yake cin kuɗi, domin a ranar ake ƙirga kwanaki, a ranar ake biya, kuma jirgi ba ya jira. Wanda zai sauka a Chennai ko Bengaluru ya sani cewa Tamil da Kannada ne harsunan waɗannan garuruwa, kuma Turanci zai fi yi masa amfani a can. Abin da za a kawo a nan na arewacin ƙasar ne da Mumbai.

An rubuta kalmomin da ƙa'idar rubutun Hausa domin sauƙin karatu. Harafin c yana nan kamar yadda yake a kalmar "ciki", wasalin da aka ninka ana jan sa, h da ta biyo bayan baƙi kamar a kh ko dh iska ce kaɗan da ake fitarwa tare da baƙin, sannan kalmar "hai" ana furta ta kusa da "he". Wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya kunnensa ya riga ya saba da sautin harshen, sai dai ya kiyaye abu ɗaya. A finafinai an fi jin "tum" da "tu" a matsayin kai ko ke, waɗanda ake amfani da su tsakanin abokai da masoya ko kuma cikin faɗa, alhali baƙo "aap" ya kamata ya ce wa kowa, har da yaron da yake ɗaukar masa jaka. Roƙo na ladabi yana ƙarewa da "-iye", kamar "diijiye" (ku ba ni) da "rukiye" (ku dakata). Ana kiran mai ɗaukar kaya da direba "bhaiya", wato yaya, ana kiran ma'aikaciya "madam" ko "diidi", kuma ƙara "ji" a bayan suna ko amsa alamar girmamawa ce, shi ya sa ake cewa "haan ji" maimakon "haan" (eh) kawai.

Aikin yana farawa ne tun daren jajibirin tafiya. Baƙo ya je teburin karɓar baƙi ya ce "Mujhe kal subah cek-aut karna hai", ma'ana gobe da safe zan bar ɗakin, ya kuma ƙara da "Mera bil taiyaar rakhiye", wato a shirya masa takardar kuɗinsa kafin ya sauko. A nan akwai tarkon da ya kamata a sani. Kalmar "kal" tana nufin gobe, tana kuma nufin jiya, haka nan "parson" tana nufin jibi da shekaranjiya duka, kuma siffar kalmar aikin da ke cikin jumlar ce take bambanta su. Mai koyo bai kamata ya dogara da wannan bambanci ba, gara ya ambaci ranar da sunanta: "somwaar" Litinin, "mangalwaar" Talata, "budhwaar" Laraba, "guruwaar" Alhamis, "shukrawaar" Juma'a, "shaniwaar" Asabar, "rawiwaar" Lahadi. Namiji zai ce "Main mangalwaar ko jaauunga", mace kuma ta ce "Main mangalwaar ko jaauungi", duka biyun suna nufin ranar Talata zan tafi.

Daga nan sai tambayar lokaci: "Cek-aut kitne baje hai?", wato da ƙarfe nawa ake barin ɗaki. Yawanci amsar ita ce "gyaarah baje", ƙarfe 11, ko "baarah baje", ƙarfe 12 na rana, ko da yake wasu ƙananan otal-otal suna ƙirga awa 24 ne daga lokacin da mutum ya shiga. Batun rabi da kwata shi ne inda ya fi dacewa a zauna a koya sosai, domin kalmomin da ake faɗin lokaci da su, su ne kuma ake faɗin kuɗi da su. "Sawa" tana nufin da kwata, "saarhe" da rabi, "paune" kuwa saura kwata, saboda haka "paune baarah" sha biyu saura kwata ne, "saarhe gyaarah" kuma sha ɗaya da rabi. Amma ɗaya da rabi da biyu da rabi suna da sunayensu na kansu, "derh" da "dhaai", waɗanda babu wata alama a cikinsu da za ta tuna wa mutum ɗaya ko biyu. "Derh baje" ƙarfe 1:30 ne, "dhaai baje" 2:30, "derh sau" rupi 150, "dhaai hazaar" rupi 2,500. Jiragen ƙasashen waje da yawa suna tashi daga Delhi bayan tsakar dare, kuma wanda jirginsa zai tashi "raat ke dhaai baje" ranar Talata, a daren Litinin zai bar otal. Idan ya gaya wa ma'aikaci Talata kawai, za a yi zaton zai sake kwana, a kuma rubuta masa kuɗin daren.

Irin wannan matafiyi yana da awanni masu yawa tsakanin ƙarfe 12 na rana da lokacin tafiya filin jirgi, kuma idan yana tare da mara lafiya ba zai so ya yini a kan kujerar falo ba. Sai ya tambaya "Kya main shaam tak ruk sakta huun?", mace ta ce "ruk sakti huun", ma'ana ko zan iya zama har yamma. Kada ya tsaya a kan murmushi da kaɗa kai, domin kaɗa kai gefe da gefe a Indiya yawanci yana nufin an ji ko an yarda, amma bai faɗi farashi ba. Ya bi da "Iske kitne paise lagenge?", nawa za a biya a kan wannan. Idan aka ce "aadhe din ka kiraaya", kuɗin rabin yini ake nufi, idan kuma aka ce "puure din ka", na cikakkiyar rana ne. Duk abin da aka amince a kai, ya ce "Likh kar diijiye", a rubuta masa, saboda ma'aikacin da ya yi alkawari da dare ba lallai ne shi zai kasance a teburin da rana ba. Wanda ba ya son ƙarin kuɗi yana iya barin ɗakin a kan lokaci ya ce "Saamaan raat tak yahaan rakh sakte hain?", ko za a iya ajiye kaya a nan zuwa dare, kuma yawancin otal-otal suna yin haka kyauta.

Idan lokaci ya yi, baƙo ya miƙa makulli yana cewa "Ye liijiye caabi", ya faɗi lambar ɗakinsa, misali "kamra nambar do sau caar" ga ɗaki mai lamba 204. Sau da yawa ma'aikacin zai ɗaga waya ya ce wa wani "do sau caar cek karo", sannan ya bar baƙon a tsaye na ɗan lokaci. Wannan ba zargi ba ne, an tura a duba ɗakin ne, a ga ko an sha wani abu daga firji ko an manta kaya. A wannan tsakani sai a ce "Kul kitna hua?", nawa ya kama gaba ɗaya, a karɓi takardar a karanta ta layi bayan layi. Abin da za a fara dubawa shi ne yawan darare, kuma idan an ƙara, namiji ya ce "Main tiin raat ruka tha, caar nahiin", mace ta ce "ruki thi", wato dare uku na yi, ba huɗu ba. A ƙasa za a ga kuɗin "khaana", abinci, da "naashta", karin kumallo, da "paani", ruwan kwalba, da "dhulaai", wanki. Layin da ba a gane ba a ɗora yatsa a kansa a ce "Ye kis ciiz ka hai?", wannan na mene ne. Idan abin da ba a karɓa ba ne, amsar ita ce "Maine ye nahiin liya", idan kuma karin kumallo yana cikin kuɗin ɗaki tun farko, sai a ce "Naashta kiraaye mein shaamil tha". Wanda ya ba da kafin alƙalami ranar shigowa ya tuna musu da "Maine edwaans diya tha", ya kuma nuna rasit ɗinsa.

Akwai layuka biyu da suke rikita baƙi, waɗanda bai kamata a yi gardama a kansu ba. Tun ranar 1 ga Yuli 2017 Indiya take amfani da harajin kaya da hidima da ake kira GST, kuma a takardar otal yakan fito gida biyu daidai wa daida, CGST na gwamnatin tarayya da SGST na jiha, saboda haka ba caji biyu aka yi wa mutum ba. Ɗakin da kuɗinsa ya haura rupi 7,500 a dare ana ɗora masa kashi 18 cikin ɗari, wanda bai kai haka ba harajinsa ya fi sauƙi. Ladan hidima da ake kira "sarwis caarj" kuwa ba haraji ba ne, kuma a shekarar 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasar ta fitar da ƙa'ida cewa otal ko gidan abinci ba zai ɗora shi a kan takarda da kansa ba tare da yardar mai biya ba. Mai son a cire sai ya ce "Sarwis caarj hata diijiye". A duk wannan, magana mai taushi ta fi saurin biyan buƙata, kuma jumlar da ta fi aiki ita ce "Is mein galti hai, phir se dekh liijiye", akwai kuskure a ciki, ku sake dubawa. Sai idan an ƙi ne za a ce "Menejar ko bulaaiye", a kira manaja.

Wajen biya, "Kaard calega?" tana nufin ko ana karɓar kati, "nakad" ko "kesh" kuma tsabar kuɗi. Mutanen ƙasar sun koma biya ta waya da tsarin UPI, wanda ba kowane baƙo yake iya shiga ba, shi ya sa ake yawan jin "khulle nahiin hain", babu canji, musamman idan aka miƙa takardar rupi 500. Yana da kyau a tanadi 'yan ɗari-ɗari da hamsin-hamsin tun da wuri. A kasa kunne sosai tsakanin "pacciis", 25, da "pacaas", 50, domin a bakin mai saurin magana kusan ɗaya suke. Wanda ya daɗe yana jinya har kuɗinsa ya yi yawa zai ji "laakh", wato dubu ɗari, wanda suke rubutawa 1,00,000, kuma "derh laakh" rupi 150,000 ne. Idan magana ta yi sauri, "Dhiire boliye" roƙo ne a yi a hankali, "Samajh nahiin aaya" kuma na nufin ban gane ba.

Bayan biya, a nemi rasit na gaskiya da cewa "Pakka bil caahiye". "Pakka bil" shi ne wanda yake ɗauke da sunan otal da lambar harajinsa, saɓanin "kacca bil", ɗan guntun takarda da aka rubuta da hannu. Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani da zai nemi a mayar masa da kuɗinsa idan ya koma gida ya ƙara da "Mohar laga diijiye", a buga hatimi. Doka ta wajabta wa otal ya sanar da hukuma zuwan kowane ɗan ƙasar waje ta hanyar takardar da aka fi sani da Form C, kuma dalilin karɓar fasfo ke nan ranar shigowa. Idan fasfon bai dawo hannu ba, "Mera paasport waapas diijiye" ita ce maganar da ba za a fita ba sai an yi ta. Mai jinyar da yake sauya masauki ne kawai, ba barin ƙasar zai yi ba, ya karɓi kwafin Form C ɗinsa, domin ana neman sa a matsayin shaidar mazauni idan za a ƙara wa'adin biza.

Saura kaya da mota. A ce wa mai ɗaukar kaya "Bhaiya, saamaan niice le caliye", ya sauka da kayan, idan kuma akwai jakar magunguna a nuna ta a ce "Sambhaal ke, is mein dawaaiyaan hain", wato a yi hankali, akwai magunguna a ciki. Ga ma'aikacin tebur, "Taiksi bula diijiye" ta isa a kira tasi. Littattafan koyo suna kawo "hawaai adda" a matsayin filin jirgin sama, amma direbobi "eyarport" suke cewa, saboda haka "Eyarport jaana hai, tarminal thri" ita ce maganar mai zuwa sashe na 3 na filin jirgin Indira Gandhi, inda jiragen ƙasashen waje suke tashi. Kafin a loda kaya a tambayi "Kitni der lagegi?", tsawon wane lokaci za a ɗauka, da kuma "Tol aur paarking shaamil hai?", ko kuɗin ƙofar hanya da na ajiye mota suna cikin farashin. Wanda aka yi wa tiyata ana faɗa wa direbansa "Mariiz saath hai, dhiire calaaiye", akwai mara lafiya, a tuƙa a hankali. Idan aka tuna da wani abu a bakin ƙofa, "Ek minat rukiye, mera caarjar kamre mein rah gaya hai" za ta tsayar da motar har a ɗauko cajar da aka bari a ɗaki.

Tukuicin mai ɗaukar kaya ana miƙa shi da hannun dama tare da "Ye aap ke liye hai", wannan naku ne. Godiya ita ce "shukriya" ko "dhanyawaad", kuma kowa yana karɓar kowacce, sallama kuwa "namaste" ko "phir milenge", sai mun sake haɗuwa, idan kuma ma'aikacin Musulmi ne ana ce masa "Allah haafiz". Tikiti da fasfo su kasance a jakar hannu, kada a cusa su cikin akwatin da ke bayan mota, domin jami'an tsaro suna duba su tun a ƙofar shiga ginin filin jirgi, kuma ba sa barin wanda ba shi da su ya wuce.